Me ke sa magidanta su sa kakin sojan da, su je fili su yi ta "mutuwa" a rana?

Ɗan_Tudu:

Assalamu alaikum jama'a. Akwai bidiyon da ke yawo na Turawa, magidanta har da masu furfura, sun sa kakin sojan shekara ɗari da hamsin baya, sun ja sahu a fili, ana ta harba bindiga da igwa, hayaƙi ya turnuƙe, wasu na zubewa ƙasa, 'yan kallo na tafi. An ce ba fim ba ne, sha'awa ce kawai, kuma da kuɗin aljihunsu suke yi. To me suke samu a ciki? Bindigogin na gaske ne? In na gaske ne, me ke hana a kashe wani? Masu sani a taimaka da bayani dalla-dalla, ban da "Bature da son wahala", don wannan amsar kowa ya iya ta.

Malamin_Tarihi:

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Tudu. In shuɗin kaki ka gani a gefe guda da ruwan toka a ɗaya gefen, to yaƙin basasar Amurka ake kwaikwayo, wanda aka gwabza daga 1861 zuwa 1865 tsakanin Arewa masu shuɗi da Kudu masu ruwan toka. Waɗanda suka yi yaƙin da kansu ma sun taɓa kwatanta shi. A 1913, da karon Gettysburg, ɗaya daga manyan fafatawar yaƙin, ya cika shekara 50, tsofaffin sojoji fiye da 50,000 na ɓangarorin biyu suka taru a filin. Ragowar rundunar Janar Pickett na Kudu suka sake takawa zuwa katangar dutsen da aka tare su a 3 ga Yuli 1863, wasu na dogara sanda, suka yi musafaha da tsoffin abokan gabansu ta saman katangar. Sha'awar a yadda take yau ta kankama ne daga 1961, lokacin da aka kwaikwayi karon Manassas na farko don cikarsa shekara 100. Taron da har yau ake ba da labarin girmansa shi ne na Gettysburg a 1998, inda masu kaki suka haura 15,000.

Babban dalili a wurina shi ne akwai abin da littafi ba ya iya koya wa mutum, sai jiki. Duk wanda ya karanta yaƙin wancan zamanin yakan ce wace irin wauta ce mutane su jeru kafaɗa da kafaɗa a tsaye ana harbinsu? Tambayar tana mutuwa ne ranar da mutum ya tsaya cikin sahu. Bindigar ta baki ake ɗura ta, ƙwararre sau uku yake harbawa a minti guda, don haka wutar mutum ɗaya ba ta tsinana komai, sai an haɗa ɗari sun saki lokaci guda. Albarushin kuma farin hayaƙi yake yi mai kauri. In babu iska, bayan harbi uku ko huɗu ba ka ganin abin da ke gabanka taku ashirin, muryar hafsa kuma ta ɓace cikin ƙara. Nan ne za ka gane me ya sa kowace runduna take da tuta ƙatuwa, da ganga, da begila, kuma me ya sa ake rububin harbin mai riƙe da tuta. Haka juya mutum ɗari uku daga jerin tafiya zuwa sahun yaƙi ba tare da sun cakuɗe ba: a takarda layi biyu ne, a fili kuwa atisayen watanni ne.

Masana ma suna bin wannan hanya. A 1985 wani masanin tarihi Bajamushe, Marcus Junkelmann, ya ɗebi 'yan mutane suka sa cikakkun kayan sojan Rum, kusan kilo 40 kowane, suka taka daga Verona ta Italiya suka ƙetare tsaunukan Alps zuwa Augsburg, tafiyar kusan kilomita 500, don a ga yadda takalmin ƙusa da garkuwa da sandar ratayen kaya suke yi wa mutum a doguwar tafiya.

Sai maganar kakanni. Rundunonin yaƙin basasa gari-gari da gunduma-gunduma aka ɗebe su, takardun ɗaukar soja da na fansho kuma suna nan a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa. Mutum yakan gano rundunar da kakan kakansa ya shiga, ya nemi ƙungiyar da ke kwaikwayon wannan rundunar, ya sa lambarta a hula.

Amma in za a faɗi gaskiya, abin da ke riƙe yawancinsu zumunci ne. Yaƙin da ka gani a bidiyo bai cika wuce awa guda ba, su kuwa tun Juma'a da yamma suke zuwa sai Lahadi. Sauran lokacin duk a sansani ne: kafa tanti, hura wuta, dafa kofi a gwangwani, gadi, fareti, hira har dare. Akwai kuma wani ɗan lokaci da suke farauta, wanda ba kullum ake dacewa da shi ba. Da asuba, hazo ya rufe motoci da turakun lantarki, ba ka jin komai sai begila da haniniyar dawaki, na 'yan daƙiƙoƙi mutum ya manta shekarar da yake ciki. Wasu saboda wannan kaɗai suke tuƙin awa goma.

Maƙerin_Zango:

Malam ya gama da "me ya sa", bari in ɗauki bindigar.

Ta gaske ce. Sabuwar ƙira ce a kan samfurin da, galibi Springfield ta 1861 ko Enfield ta 1853, yawanci daga masana'antun Italiya, nauyinta kilo 4 da ɗoriya. In ka sa mata dalma za ta kashe mutum kamar ta asali. Abin da ke tsare rai ba ƙirar bindigar ba ce, dokoki ne, kuma kowace doka akwai hatsarin da ya haife ta.

Harsashin wasa takarda ce da aka naɗe a jikin ɗan sanda ta zama bututu, aka zuba baƙin albarushi kimanin giram 4, aka lanƙwashe bakin. Ba a sa gam mai tauri, ba a sa salatif, ba a danna mata ƙarfen maƙale takarda, domin duk abin da ya faɗa bututun bindiga ya zama harsashi. Soja ya yage takardar da haƙori, ya zuba albarushin, ya jefar da takardar ƙasa. Sojan asali yakan cusa takardar da dalmar ya danna da sandar ɗuri. A nan an hana. Ba a zare sandar ɗuri a fili ko kaɗan, saboda cikin ruɗani mutum kan manta ta a bututu ya harba, ta tashi kamar mashi. Wuƙar bakin bindiga ma tana cikin kubenta har a tashi. Daga nan sai a ɗora 'yar hular jan ƙarfe a kan nonon da ke gindin bututu, wadda kan bindigar ke sara ta ba da wuta. Mai fiffike huɗu ake so. Mai shida takan tarwatse ta yanki fuskar na kusa da kai.

Kafin a fita akwai duba makamai. Kowa ya saki sandar ɗuri cikin bututu: in ta yi ƙara tas kamar an buga ƙarfe, babu komai a ciki, in ta yi dum, akwai datti ko tsohon ɗuri, a fitar da bindigar daga sahu. Sannan a ja kan bindigar rabi a matsa kunama da ƙarfi. In ya faɗi, bindigar ba ta shiga fili. Ana buɗe jakar harsashi ma a duba. A taron 1998 ɗin da Malam ya ambata an harbi wani a wuya da ƙaramar bindiga ta aro wadda dalma ta saura a cikinta, Allah ya sa da sauran kwana. Shi ya sa ƙaramar bindiga mai juyawa ta fi ba masu duba wahala: rami shida ne, kowane sai an leƙa.

Ko babu dalma, wuta da ƙwayoyin albarushin da ba su ƙone ba suna fita taku da yawa, suna iya makantar da mutum. Don haka ba a saita kowa kai tsaye, ana ɗaga baki sama da kawuna, kuma in sahu biyu sun matso kusan mita 25 zuwa 30 an daina harbi a miƙe. Na sahun baya yana harbi ta saman kafaɗar na gaba, dole ya matso sosai yadda kunnen na gaba zai zo daidai tsakiyar bututu. In ya ja baya, bakin bindigar ya zo gefen fuskar ɗan'uwansa. In ya zarce, hular ta fashe masa a kunne.

Abubuwa biyu ne suka fi lalacewa. Na farko, garwashi ya saura a bututu bayan harbi da yawa, kana zuba sabon albarushi ya kama. Shi ya sa ake karkatar da bakin nesa da fuska, a riƙe takardar da yatsu biyu daga gefe, kada hannu ya rufe ramin. Na biyu, dattin albarushi ya toshe nonon, bindiga ta ƙi tashi, mutum bai lura ba saboda ƙarar na kusa da shi, ya ƙara ɗuri na biyu da na uku. Ranar da ta tashi, sai ta jefar da shi. Wannan kuskuren sojojin asali ma sun yi shi: cikin bindigogi fiye da 27,000 da aka tsince a filin Gettysburg, kusan 24,000 a ɗure suke, da yawansu ɗuri biyu ko fiye, har an sami mai 23. Maganinsa, ka kalli bakin bindigarka bayan kowane harbi ka ga hayaƙi. In ta ƙi sau biyu ko uku, ka koma bayan sahu wurin saje, a tsokace nonon da tsinken ƙarfe, in ta ƙi a zuba ruwa a kashe ɗurin. Kuma kada a kuskura a sa albarushin harsashin zamani marar hayaƙi, bututun zai fashe.

Da an tashi, wanki. Dattin baƙin albarushi yana jan laima, kwana ɗaya ya isa tsatsa ta kama. A zuba ruwan zafi a bututu, a girgiza, a zubar, a maimaita har ya fito fari, a bi da tsumma har ya bushe, a shafa mai.

Ɗan_Tudu:

Allah ya ƙara basira, Malam da Maƙeri. To tunda babu dalma, wa ke cewa wane ya faɗi? Kuma in na fahimta, wannan ai kamar hawan sallah ne a wurinmu ko?

Hajiya_Mai_Allura:

Ɗan'uwa, ka taɓo inda ke yi musu ƙaiƙayi. Wanda ya ci yaƙin tarihi ya riga ya faɗa, hafsoshin ɓangarorin biyu kuma suna zama tun da safe su tsara wa zai ja baya da kuma yaushe. Amma faɗuwar mutum ɗaya-ɗaya, galibi shi ke zaɓa. Matsalar ita ce wanda ya kashe kuɗin mai ya naɗe harsashi arba'in ba ya son ya mutu a minti biyar na farko, sai ka ga sahu biyu suna ta ɓarin wuta babu wanda ya ko yi tuntuɓe, sannan a ƙarshe kowa ya zube lokaci guda. Wasu tarukan suna raba ƙuri'a a takarda: kai za ka faɗi a harbi na uku, kai rauni za ka ji a ƙafa, kai gudu za ka yi. Wasu kuma sai su cusa harsashi mai launi daban a jaka, in ka zaro shi lokacinka ya yi. Tsofaffin hannu sun san inda ake mutuwa: a inuwa, nesa da hanyar dawaki, hula a kan fuska, gora a kusa. In ɓangare ɗaya ya yi ƙaranci, sai a roƙi wasu su sauya riga, shi ya sa da yawa suke da kaki kala biyu.

Abin da ya fi kwantar da su da gaske ba bindiga ba ce, zafi ne. Kakin ulu ne mai kauri, wando da riga, ga ɗamara da jakunkuna a kan ƙirji, a watan Yuli. Gorar soja kuwa lita ɗaya da rabi ba ta cika ba. Sojan asali saurayi ne ɗan shekara 25 ko kusa da haka, nauyinsa bai fi kilo 65 ba, ya saba da tafiyar ƙasa. Mai kwaikwayonsa sau da yawa ya ba hamsin baya, ga tumbi, daga ofis ya taso. Shi ya sa ba a barin kowa ya shiga sahu sai an girgiza gorarsa an ji ta cike.

Kayan kuwa duniya ce guda. Bindiga kaɗai takan kai dala dubu ko kusa da haka, in ka haɗa kaki, takalmi, jakunkunan fata, bargo da rabin tanti, kuɗin ya ninka. Shi ya sa ƙungiyoyi suke ajiye kayan aro, kuma shawarar farko ga sabon shiga ita ce kada ya sayi komai sai ya tambaya. Wanda ya yi gaggawa yakan sayo rigar da aka gauraya da zaren roba, wadda launinta ke ƙyalli a rana kuma take narkewa a jikin mutum in tartsatsi ya taɓa ta. Irin wannan suna kiransa "farb", kuma zagi ne: mai agogon hannu, mai tabaran zamani, mai ɓoye lemon kwalba a tanti. A ɗaya ƙarshen akwai 'yan a-mutu, waɗanda ke ƙirga ɗinki. Keken ɗinki ya wanzu a 1860, don haka dogon ɗinki na keke ba laifi ba ne, amma ramin maɓalli da hannu ake yin sa, kuma daga taku uku suna gane na keke. Su ba sa kwana a babban tanti, bargo ɗaya a ƙasa, abincinsu busasshen biskit na fulawa da ruwa da gishiri wanda sai an jiƙa shi a kofi haƙori ke iya shi. Rigimar waɗannan da masu zuwa da iyali ba ta ƙarewa.

Mata ma suna ciki, wasu a matsayin masu jinya da farar hula, wasu cikin sahu, tunda an tabbatar ɗaruruwan mata sun yi shigar maza sun yi yaƙin. A 1989 an kori wata daga wani taro a filin yaƙin Antietam don ta sa kaki, ta kai ƙara kotu, ta yi nasara a 1993.

Barde_Kerarre:

A kan hawan sallah, Malam Ɗan Tudu, kama da wane ba ta wane ba ce. Kayan yaƙin da suna nan, lifidi da sulke da kwalkwali, ga 'yan bindiga, ga jahi. Amma babu abokin gaba a fili, ba wani karo na rana kaza ake maimaitawa ba, kuma hakimin da ke kan doki hakimi ne na gaske, gaisuwar da yake kai wa sarki ta gaske ce. Su kuwa can, kanar ɗin da ke ba da oda wataƙila makanike ne ranar Litinin.

Kada kuma a ɗauka Amurka kaɗai ce. A Ingila ƙungiyar Sealed Knot, wadda Birgediya Peter Young ya kafa a 1968, tana kwaikwayon yaƙin basasarsu na shekarun 1640, da mashi mai tsawon kusan mita 5. Karon masu masun nan turereniya ce ta gaske, ana ɗaga tsinin sama a haɗa ƙirji, haƙarƙari kan karye. Can sai kana da lasisin bindiga da takardar izinin riƙe albarushi daban. A Beljiyam, cikar karon Waterloo shekara 200 a 2015 ta tara kusan mutum 5,000 da dawaki 300 da igwa 100. A Folan duk Yuli ana maimaita karon Grunwald na 1410, a Ingila kuma na Hastings na 1066 duk Oktoba.

Masu takobi dokarsu daban. Kaifin a dakushe yake, kaurin milimita 2 zuwa 3, tsinin a zagaye kamar gefen kwabo. Kullum sai an bi shi da zarto, domin karo da wani takobin yana tayar da ƙaya a bakin ƙarfe, ƙayar nan ce ke yanka. A yawancin ƙungiyoyi ba a dukan kai, wuya, gwiwa ko gwiwar hannu, kuma ana janye ƙarfin sara kafin ya sauka. Raunin da ya fi yawa karayar yatsu ne, don haka safar hannu mai kauri dole ce ko da zamanin da ake kwaikwayo ba a san ta ba. Sulke yana tare yanka amma ba ya tare nauyin duka, sai da riga mai cushe a ƙarƙashinsa, dabarar lifidi ke nan. A ɗaure shi da ɗamara a ƙugu, in ba haka ba kilo goman nan duk a kafaɗa zai zauna.

Malamin_Tarihi:

Bari in ƙara abin da masu sha'awar ba su cika son a tayar ba. Jiki yana koyon nauyi da hayaƙi, amma ba ya koyon tsoro, tunda kowa ya san zai tashi ya karkaɗe wando. A yaƙin basasar Amurka an rasa aƙalla mutum 620,000, kuma kashi biyu cikin uku cuta ce ta kashe su, atuni da zazzaɓin taifot, ba harsashi ba. Wannan ba ya kwaikwayuwa. Hukumar kula da wuraren tarihi ta gwamnatin Amurka ma ba ta yarda a yi karon ƙarya a filayen da ke hannunta, inda aka zubar da jinin gaske. Gonakin maƙwabta ake haya.

Akwai kuma siyasa. Kudu don kare bautar da baƙar fata ta ɓalle, kuma cikin masu sa ruwan toka akwai masu son a manta da hakan. Bayan rikicin wariyar launin fata na birnin Charlottesville a 2017 an soke wasu tarukan. A gefe guda akwai baƙaƙen fata da ke shiga don a tuna cewa kusan 180,000 daga cikinsu sun yi wa Arewa soja, kamar runduna ta 54 ta Massachusetts da ta afka wa ganuwar Wagner a Yuli 1863. Masu kwaikwayon yaƙin duniya na biyu nasu ya fi zafi: a Jamus doka ta haramta nuna tambarin 'yan Nazi a bainar jama'a.

Maƙerin_Zango:

Na tsallake igwa, kuma ita ce mai cin hannu. Albarushinta a naɗe yake cikin takardar alminiyam, ninki da yawa. Bayan kowane harbi sai a sa ƙugiya a zaro ragowar, a bi da jiƙaƙƙen soso, yayin da mutum ɗaya ya danne ramin wuta na baya da babban yatsa cikin safar fata. In ya ɗaga, iska ta ratsa ta hura garwashi, ɗurin ya tashi sandar na hannun mai cusa ɗurin. Shi ya sa ake danna ɗuri da hannu ɗaya, babban yatsa ba ya zagaye sandar, kuma ake jira aƙalla minti uku tsakanin harbi da harbi. Ga mai kallo ko wanda ke cikin sahu, alama ɗaya ce ya kamata ya haddace: in ya ga an gicciya sanduna biyu a kan igwa, an ja ta ta ƙi tashi kuma ɗurin na ciki. Ko hafsa ya ce a afka mata, ba a bi ta gabanta.